Ku Shimfiɗa Tabarma, Mu Kira Sunayensu

Tabarma biyu aka shimfiɗa a ƙofar gidan, ta biyun ma ba ta cika ba. Ni kaina ban fito da niyyar zama ba. Daga sallar la'asar nake, na ga buta da 'yan takalma a bakin zaure, na tambaya, aka ce ai yaron nan ne na ɗakin baya Allah ya yi wa rasuwa. Yaron da ake faɗa ya haura shekara ashirin. Shekarata goma sha ɗaya a unguwar, sau biyu tak na taɓa sa shi a ido, amma da wuya dare ya raba ban jiyo muryarsa ta katanga ba. Wanda ya yi masa wanka ya raɗa mini daga baya cewa ya ga baƙin shati ya zagaye idon sawunsa, irin wanda igiya ke bari in ta daɗe tana cin fata. Ya ja likkafani ya rufe, bai ce uffan ba. An sallace shi da sahu ɗaya da rabi. Babu wanda ya tambayi abin da ya kashe shi. Duk wanda ya zo gaisuwa kuwa, in ya ce "Allah ya jiƙansa" sai ya ɗora da "ai ya huta". Wani dattijo ne ya ƙarasa maganar yadda take a zuciyar kowa, ya dubi uban ya ce, "Ya huta, kun huta." Aka amsa da amin, da ni a cikin masu amsawa.

Jama'a, ku faɗa mini, wane ɗan kasuwa ne ya mutu yana da shekara ashirin aka ce wa iyayensa sun huta? Wace amarya? Wane ɗalibi? Wannan gaisuwa mun tanade ta ne don wasu mutane na daban: mai taɓin hankali, mai farfaɗiya, wanda aka haifa da shanyewar jiki, wanda bai taɓa magana ba. Muna furta ta da sunan tausayi, alhali abin da take cewa a ƙarƙashi shi ne ran nan kaya ne, an sauke. Idan kuwa al'umma ta yarda cewa wani rai kaya ne, ba za a rasa wanda zai ce bari ya taimaka a sauke da wuri ba.

An samu irin wannan mai taimako a ƙasar Japan. A daren 26 ga Yuli 2016, wajen ƙarfe biyu, wani saurayi ɗan shekara 26 ya fasa taga ya shiga gidan kula da masu nakasa da ake kira Tsukui Yamayuri-en, a garin Sagamihara, ba nisa da Tokyo. Tsohon ma'aikacin gidan ne, ya san kowane lungu. Ya ɗaure ma'aikatan dare, ya bi ɗaki-ɗaki da wuƙaƙe. Abin da ya fito a kotu shi ne yana tambayar ma'aikatan da ya tasa a gaba, wannan yana iya magana? Wanda ba ya iyawa shi ne abin nemansa. Kafin gari ya waye ya kashe mutum 19, daga mai shekara 19 zuwa mai 70, ya jikkata 26, sannan ya kai kansa ofishin 'yan sanda. Bai ɓoye manufarsa ba tun farko. A watan Fabrairun shekarar da ƙafarsa ya kai wasiƙa gidan kakakin majalisar wakilan ƙasar, yana cewa a shirye yake ya kashe ɗaruruwan masu nakasa, don a ganinsa babu abin da suke jawowa sai baƙin ciki ga iyalansu da nauyi ga ƙasa. Ku cire wuƙar, ku saurari hujjar kawai. Ba ta yi muku kama da gaisuwar dattijon nan ba?

Abin da ya biyo baya ya fi ci mini rai. Sunan makashin da hotonsa sun zagaye duniya, shi ya sa ba zan ƙara masa da nawa ambaton ba. Su kuwa mutum goma sha taran, 'yan sanda suka ƙi fitar da sunayensu, suka ce iyalai ne ba sa so, a ƙasar da aka saba jera sunan duk wanda aka kashe a jarida. Da aka fara shari'a a Yokohama a farkon 2020, da haruffa aka riƙa kiran mamatan, kamar kayan shaida. Uwa guda ce ta ce ba ta yarda ba, ta fito da sunan 'yarta mai shekara 19, ta ce ɗiyarta ba harafi ba ce. An yanke wa mutumin hukuncin kisa a watan Maris 2020. A dutsen tunawa da aka kafa a wurin, sunayen wasu ne kawai aka sassaƙa. Ban ga laifin iyalan ba, sun san maƙwabtansu. Kunyar da ta sa aka kai 'ya'yan nan bayan gari da ransu ita ce ta raka su har kabari.

Shekara huɗu kafin harin Sagamihara, a watan Maris 2012, a garin Sunnyvale na jihar Kalifoniya a Amurka, wata uwa ta harbe ɗanta George Hodgins, ɗan shekara 22 mai lalurar galahanga, wadda likitoci ke kira otizim, sannan ta kashe kanta. Jaridu suka cika da labarin wahalar uwar, da gajiyarta, da irin ƙoƙarin da ta yi. Shi kuwa wanda aka kashe ya zama dalilin wahalar kawai. Wata matashiya mai irin lalurarsa, Zoe Gross, ta ga abin ya ishe ta, ta tara mutane suka yi masa zaman juyayi. Daga nan ƙungiyar masu irin lalurar, ASAN, ta ɗauki abin, ya zama duk ranar 1 ga Maris masu nakasa suna taruwa a garuruwa da ƙasashe daban-daban, su karanta sunayen 'yan'uwansu da iyaye ko dangi ko masu jinya suka kashe. Sunayen sun haura dubu, kuma waɗanda jarida ta ɗauka ne kawai. Babu kiɗa, babu rabon kaya. Mutum ya miƙe, ko a turo kekensa gaba, ya faɗi suna da shekaru, na gaba ya karɓa.

To mu fa? Kada wani ya ce wannan ciwon Turawa da Japanawa ne. Su suna da jarida da kotu da ke tono, mu muna da katanga da kawaici da ke rufewa.

Duk wanda ya tashi a karkara ya ji labarin ɗan ruwa. Jariri ne wuyansa ya ƙi tsayawa, ya shekara uku bai zauna ba, yawu na zuba, sai tsofaffi su fara ƙus-ƙus cewa ba mutum ba ne, aljanu ne suka yi musanye. Maganinsa, in ji su, a kai shi bakin rafi a ajiye, a juya baya kada a waiwaya, zai rikiɗe maciji ya koma wajen danginsa. Mun ji wannan muna yara kamar tatsuniya. Ku tsaya ku yi tunanin abin da yake faruwa da yaron da ba ya iya juyi idan aka bar shi a bakin ruwa da almuru. Kowace ungozoma mai ilimi za ta gaya muku cewa yawancin irin yaran nan doguwar naƙuda ce ta taɓa musu ƙwaƙwalwa, ko shawarar jarirai da ba a kula da ita ba, ko sanƙarau, ko zazzaɓin cizon sauro mai sa jijjiga. Wato mu muka gaza kai uwar asibiti a kan kari, sannan muka ɗora wa aljani. A arewacin Gana ma akwai irin wannan camfi, har da masu sana'ar haɗa dafin da ake ɗura wa yaran, kamar yadda ɗan jarida Anas Aremeyaw Anas ya fallasa a 2013.

Sai turu da mari. Harshenmu yana da kalma ta musamman ga gungumen da ake saka ƙafar mai taɓin hankali a ciki, wannan kaɗai ya isa shaida cewa abin ya daɗe. A watan Satumba 2019 'yan sanda suka fasa wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum sama da 300, da yawansu da sarƙa a ƙafa, aka yi ta salati kamar ba mu san da gidajen mari ba. Ba dukansu ne masu lalurar ƙwaƙwalwa ba, amma nan ne inda ake kai masu ita. Watanni biyu bayan haka ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto a kan wurare 28 da ta ziyarta a Najeriya, na gwamnati da na gargajiya da na addini, Musulmi da Kirista, ta tarar kusan a dukkansu ana ɗaure mutane. A watan Agusta 2020 kuma muka ga hotunan waɗanda aka ciro daga ɗakunan da danginsu suka kulle su, a Birnin Kebbi da Kano, ƙashi da rai. Waɗannan su ne aka ciro da sauran numfashi. Wanda aka fito da shi a makara fa, wa ya ƙirga shi?

Zabiya kuma nasu tashin hankalin daban ne, domin su farautarsu ake yi. A Tanzaniya da Malawi an sha sare musu hannu da ƙafa, an tone kaburburansu, don bokaye sun ce sassan jikinsu na kawo dukiya da nasarar zaɓe. A 2015 sai da gwamnatin Tanzaniya ta haramta sana'ar irin waɗannan bokaye. A nan kusa da mu, a garin Fana na ƙasar Mali, cikin watan Mayu 2018 aka shiga har inda wata yarinya zabiya 'yar shekara biyar take kwance da mahaifiyarta, aka sace ta, aka tsinci gawarta babu kai. Mawaƙi Salif Keita, wanda shi ma zabiya ne, ya kai taron waƙa har garin don tunawa da ita. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 13 ga Yuni domin zabiya, kuma ƙwararriyar farko da ta naɗa a kan haƙƙinsu a 2015 'yar Najeriya ce, Ikponwosa Ero. Mu nawa ne muka san da hakan?

Ban ma taɓo matar da take yawo a kasuwa tana surutai ba, wadda wani zai yi wa ihun mayya ko mai satar yara, kafin a ce kwabo an rufe ta da duwatsu. Ban taɓo kurman da aka ce wa tsaya a shingen jami'an tsaro bai ji ba, ko gurgu da makaho da tsohuwar da ake bari a baya duk ranar da 'yan bindiga suka faɗa wa ƙauye.

Doka dai akwai ta. A watan Janairu 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu nakasa wariya, mai tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutum, naira miliyan ɗaya ga kamfani, da wa'adin shekara biyar na gyara gine-ginen jama'a, wanda ya cika a 2024. Ku je ku duba matakalar sakatariyar ƙaramar hukumarku. A Janairu 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958 da muka gada tun kafin 'yancin kai. Madalla. Sai dai doka ba ta leƙa ɗakin baya. Maƙwabci ne ke jin kukan, kuma maƙwabcin nan ni ne, kai ne, ke ce.

Iyayenmu mata, na san abin da wasunku za su ce, kuma ba na raina shi. Na san uwar da take goya ɗa mai shekara goma sha biyar zuwa banɗaki. Na san wadda miji ya saka saboda wai a danginta ake haifar irin wannan, da wadda ba ta ƙara zuwa biki ko suna ba tun da ta haihu. Gajiyarku gaskiya ce, kuma alhakinta yana wuyan dangin da suka janye, da maƙwabtan da ba su taɓa cewa kawo shi ya wuni a wajena ki runtsa ba, da hukumar da ba ta san da ku ba. Amma kada mu yarda a mai da gajiyar nan uzurin mai kisa. Dubban iyaye suna cikin talaucin da ya fi na kowa, suna wanke kashi da fitsari shekara da shekaru, ba su taɓa ɗaga hannu a kan 'ya'yansu ba. Duk wanda ya ce wahala ce ta sa wane ya kashe ɗansa, waɗannan iyayen ya zaga.

Allah gafarta malamai, da ku limaman coci, ga wani labari domin ku. A Jamus ta Hitila, tun kafin a buɗe manyan sansanonin hallaka Yahudawa, da masu nakasa aka fara gwada kisa da iskar guba. Shirin da ake kira T4 ya cinye mutum sama da 70,000 tsakanin 1940 da Agustan 1941. Ana kiransu masu cin banza. Likitoci ne ke zaɓe a takarda, sai a aika wa iyaye wasiƙar ta'aziyya da ciwon ƙarya. Ranar 3 ga Agusta 1941 bishop na Münster, von Galen, ya hau mumbari ya kira abin da sunansa, kisan kai. Aka kwafi huɗubar hannu da hannu, cikin mako uku gwamnatin ta dakatar da shirin a hukumance, ko da yake an ci gaba da kisan a ɓoye da yunwa da allura. Mumbari guda ke nan, a gaban Hitila. Ku naku mumbarin babu mai tsare ku. Kun fi ni sanin dalilin saukar Suratu Abasa, kun san makaho Abdullahi ɗan Ummi Maktum ya yi ladanci a Madina, har ana bar masa jagorancin gari idan an fita. Juma'a guda muke roƙo, ta ƙarshen Fabrairu. Ku gaya wa jama'a cewa jinin ɗan ɗakin baya daidai yake da jinin mai gidan, kuma wanda ya ji ya yi shiru za a tambaye shi.

Wani zai ce zaman makoki na shekara-shekara ba namu ba ne, kwaikwayo ne, ko ma bidi'a. To kada a kira shi makoki. A kira shi addu'a, a kira shi tunatarwa, a kira shi zaman shaida, sunan bai dame ni ba. Mutanen nan ko kwana ukun da shari'a ta yarda da shi ba mu cika musu ba. Bashi ne. Mu da muke da Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare tun zamanin kakanni, mu da makahon Zariya Aliyu Namangi ya bar wa Imfiraji muke rerawa har gobe, ba sai an zo daga Amurka an koya mana cewa waɗannan mutane jama'a ne masu shugabanci da murya ba. Abin da muka aro rana ce kawai.

Saboda haka ranar 1 ga Maris mai zuwa, ku fito. A ƙofar fada, a filin makarantar firamare, a harabar masallaci ko coci, a Kano da Katsina da Sakkwato, a Maraɗi da Damagaram, a zangunan Kumasi da Akara, ko mutum goma ne ku shimfiɗa tabarma. Ku zaɓi wurin da keken guragu zai shiga ba tare da an ɗauki mai shi kamar buhu ba. A samu inuwa sosai domin zabiya, a samu mai maganar hannu ya tsaya inda kurame za su gan shi. Gaban tabarmar na masu nakasa ne, su za su buɗe taro su rufe, mu sauran mu zauna a baya mu koyi saurare. Mai girma ɗan majalisa, in za ka zo ka zo, amma ka bar buhunan shinkafa da masu ɗaukar hoto a gida, ranar ba ta rabon kekuna ba ce. 'Yan jarida, ku kuma in irin wannan labari ya sake zuwa teburinku, ku fara da wanda aka kashe: me yake so, me ke sa shi dariya, wa yake gane takunsa. Ranka ya daɗe mai unguwa, kai ka san gidajen da ake jin ƙarar sarƙa. Kafin ranar ka shiga, da ma'aikacin lafiya, ba da 'yan kallo ba.

Kuma kowa ya zo da suna. Wannan shi ne aikin, kuma ya fi yadda ake zato wuya, domin za ka tarar abin da ka riƙe shi ne "mahaukaciyar bakin tasha" ko "beben gidan wane" ko "yaron nan". Ka koma ka tambaya. Kowannensu an yanka masa rago ko akuya ranar bakwai, an raɗa masa suna a kunne, maroƙi ya ɗaga murya ya shelanta wa unguwa.

Ni na koma. Bayan mako biyu da rasuwar na nemi inda mahaifiyar yaron take, ashe tun yana ƙarami aka sake ta aka riƙe shi, tana aure a wata unguwa can gefen gari. Na yi sallama, mijinta ya yi mini iso, na gaishe ta daga bakin ƙofa. Na ce, "Baba, ni maƙwabcinsu ne, na zo in ba ki haƙuri, kuma ina so ki gaya mini sunansa." Ta daɗe ba ta ce komai ba, ina jin ƙarar tsintsiyar da take juyawa a hannu. Sai a lokacin na tuna ɗan fari ne, bakinta bai taɓa furta sunan ba tun ranar da aka raɗa shi. Ta ƙwalla wa ƙaramar 'yarta kira daga tsakar gida, ta ce, "Zo ki faɗa wa bawan Allahn nan sunan yayanki." Yarinyar ta faɗa. Na rubuta a bayan takardar kuɗin wuta da ke aljihuna, tana nan cikin littafin da nake ajiye muhimman takardu, kuma da ita zan fito ranar 1 ga Maris.